Sylvia Porter: Ta Ɓoye Sunanta, Daga Baya Sunan Ya Ɓoye Wasu

Daga shekarar 1935 zuwa 1942, duk wanda ya buɗe shafin kasuwanci na jaridar New York Post da ake bugawa a birnin Niyok na ƙasar Amurka, zai ci karo da rubutun wani mai suna S.F. Porter. Mutumin nan ya san sirrin takardun lamunin gwamnati kamar yunwar cikinsa, ba ya kuma jin nauyin gaya wa manyan bankuna cewa sun yi kuskure. Mafi yawan masu karatu sun ɗauka wani dattijo ne mai furfura da ya tsufa a kasuwar hannun jari. Alhali kuwa yarinya ce, shekarunta 22 lokacin da ta fara. Harafin S ɗin nan Sylvia ne, an taƙaita shi ne da gangan, domin a wancan zamani editoci sun yi imani cewa babu namijin da zai karɓi shawara a kan dukiyarsa daga bakin mace.

Na zaɓi in kawo tarihin wannan baiwar Allah a wannan fitowa ne saboda dalili biyu. Na farko, ita ce ake dangantawa da kafa irin rubutun nan na ba talaka shawara kan kuɗinsa a jarida, wanda yau ya zama sana'a mai zaman kanta. Na biyu kuwa ya fi shafarmu mu marubuta, wato abin da suna yake yi wa mai shi, da kuma abin da mai shi yake yi da shi idan ya yi tsada.

An haife ta ranar 18 ga watan Yuni, 1913, a wani gari mai suna Patchogue a tsibirin Long Island. Sunanta na yanka Sylvia Feldman. Iyayenta Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Rasha, mahaifin likita ne, daga baya suka koma unguwar Brooklyn. Tana da shekara 12 mahaifin ya rasu, ya bar mahaifiyarta Rose da ɗawainiyar gida. Matar ta kama sana'a, har ta yi ƙarfi a harkar hulunan mata, ta tara abin da ta tara. Sunan Feldman ma sai ya koma Field, abin da baƙi da yawa suka riƙa yi a Amurka don su saje da mutanen gari. Kun ga ke nan tun kafin ta ɗauki alƙalami an fara yi wa sunanta kwaskwarima.

Yarinyar ta shiga kwalejin Hunter da burin zama marubuciya, tana karanta adabin Ingilishi da tarihi. Sai ga watan Oktoba na 1929, kasuwar hannun jari ta Niyok ta rushe. Mahaifiyarta ta yi asarar kimanin dala 30,000, wanda a wancan lokaci dukiya ce ta gaske. Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda asarar ta faru, don a nan ne duk aikin Sylvia ya samo tushe. A shekarun 1920 dillalan hannun jari sukan yarda mutum ya sayi hannun jarin dala 100 ya biya dala 10 kacal, su ranta masa ragowar 90, hannun jarin kuma ya zama jingina. Muddin farashi na hawa, riba sai ta ninka. Amma da zarar farashi ya faɗi da kashi 10 cikin 100, to kuɗin mutum ya ƙone ƙurmus, dillali zai aiko masa ya kawo ciko nan take, in ba shi da shi a sayar da kayan a kan kowane farashi. Sayarwar dole ta wannan ta ƙara karya farashin wancan, haka abin ya yi ta gangarowa. Dubban mutane irin su Rose sun shiga wannan ciniki ba tare da wani ya zaunar da su ya yi musu wannan bayani na layi huɗu ba.

Sylvia ta so ta san inda kuɗin uwarta ya shiga. Sai ta sauya fanni ta koma ilimin tattalin arziki, ta kammala a 1932 da sakamako mai daraja. Tun tana ɗaliba, a 1931, ta auri wani ma'aikacin banki mai suna Reed Porter. Auren ya mutu a 1941, amma sunan ya zauna mata har kabari. Bayan kwaleji ta sami aiki a wani ƙaramin ofishin masu ba da shawarar zuba jari, ta ci gaba da ɗaukar darasi a makarantar kasuwanci ta Jami'ar Niyok, ta kuma zaɓi fannin da kowa ke gudu saboda gundura, wato takardun lamunin gwamnati.

Wannan zaɓi wayo ne. Gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt tana cin bashi mai yawa don farfaɗo da ƙasa daga karayar arziki, bankuna suna saye, amma waɗanda suka fahimci lissafin ba su da yawa, waɗanda suka iya rubuta shi kuwa sun fi ƙaranci. Ta fara rubutu a jaridar ma'aikatan banki mai suna American Banker, daga nan New York Post ta ba ta fili a 1935, a 1938 kuma ta zama editar harkokin kuɗi ta jaridar. Littafinta na farko ya fito a 1939, sunansa How to Make Money in Government Bonds, wato yadda za a ci riba da takardun lamunin gwamnati. Shi ma da S.F. Porter aka sa masa hannu.

Rubutunta na wannan lokaci yana da kaifi. Ta soki Henry Morgenthau, sakataren baitulmalin Amurka, a kan yadda yake tafiyar da bashin gwamnati, har ya nemi ya san wane ne wannan Porter. Daga baya ma'aikatar tasa ta riƙa neman shawararta, musamman a lokacin da ake shirya takardun ajiya na ƙananan masu ƙarfi da aka fara sayarwa ranar 1 ga watan Mayu, 1941. Tsarin takardun mai sauƙi ne: ka biya dala 18 da santi 75, bayan shekara 10 gwamnati ta ba ka dala 25, kuma farashinsu ba ya hawa da sauka a kasuwa, balle a wayi gari a ce kuɗinka ya ƙone. Duk wanda ya tuna labarin Rose zai gane dalilin da ya sa 'yarta ta riƙe wannan tsari da hannu biyu. Da ta taɓo 'yan majalisar dattawan da ke kare masu haƙar azurfa kuwa, Sanata Edwin Johnson na jihar Colorado ya ce duk faɗin Amurka babu maƙaryaci kamarta. Marubucin da ya sa sanata ya fusata haka, lallai ana karanta shi.

A 1942 editan jaridar, Ted Thackrey, ya yanke shawarar a fito da cikakken sunanta. Kada mu ɗauka tausayi ne ko adalci. Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe maza zuwa fagen daga, mata sun cika masana'antu, su ne kuma ke riƙe da kuɗin cefane da na haya. Abin da jiya ake ɓoyewa don kada ya kori masu karatu, yau ya zama abin talla. Hoton kyakkyawar mace a saman filin da ke bayanin bashin gwamnati wani abin mamaki ne da ke sayar da jarida. Ita ma ta gane haka, ta kuma yi amfani da shi iyakar iyawarta. Gayyatar lacca da ta rediyo suka fara zuwa.

To, a nan ne aikin nata ya sauya alkibla, kuma a ganina wannan shi ne wurin da ya fi cancanta marubuci ya tsaya ya duba. Da ta ci gaba da rubuta wa ma'aikatan banki kawai, da yanzu babu mai tunawa da ita. Ba ta watsar da su ba, domin daga 1944 tana fitar da wata takardar labarai ta mako-mako mai suna Reporting on Governments don ƙwararru. Amma filinta na jarida sai ta juya shi ya fuskanci magidanci da uwargida. Ta lura da abin da sauran editoci ba su lura da shi ba, cewa rayuwar ɗan Amurka ta cika da takardun da bai iya karantawa ba. Kafin yaƙi, harajin kuɗin shiga na masu hali ne, mutanen da ke biya ba su wuce kimanin miliyan 4 ba a 1939. Zuwa 1945 sun haura miliyan 40, kuma tun 1943 ake cire harajin daga albashi kafin ya shigo hannu. Dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta buɗe wa miliyoyin matasa ƙofar sayen gida da bashi. Katin cin bashi na Diners Club ya fito a 1950, na Bank of America ya biyo baya a 1958. Ga inshora, ga fansho, ga sayen mota da firiji biya kaɗan-kaɗan. Kowanne da yarjejeniyarsa, kowace yarjejeniya da harshenta na lauyoyi.

Abin da Sylvia ta yi shi ne tafinta. Takan ɗauki magana daga bakin babban bankin ƙasa ko ma'aikatar kuɗi, ta tambayi kanta: wannan me zai ƙara ko ya rage a aljihun mai albashi a ƙarshen wata? Amsar ita ce maƙalar. Tana kiran mai karatu da "kai" kai tsaye, tana kawo misali da adadi, jimlolinta gajeru ne. Ta tsani dogon Turancin da jami'ai ke fakewa a bayansa, ta sha yi masa ba'a, domin ta ɗauka cewa wanda ya kasa faɗin magana a sarari, ko dai bai fahimce ta ba, ko kuwa akwai abin da yake ɓoyewa. Kafin ita akwai masu rubutu kan tattali, tun daga Benjamin Franklin a ƙarni na 18, sai dai nasu wa'azi ne: ka yi tsimi, ka guji bashi, ka tashi da wuri. Ita kuwa ba ta tsaya ga halin mutum ba. Za ta nuna maka cewa bashin da aka ce kuɗin ruwansa kashi 6 ne, idan ana lissafa shi a kan dukkan uwar kuɗin alhali kana biya wata-wata, to a zahiri ya kusa ninki biyu. Sai a 1968 majalisar Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa masu ba da bashi su bayyana ainihin kuɗin ruwa na shekara. Kafin nan, mai karatu ba shi da gata sai irin filinta.

'Yan uwa marubuta, akwai masu ganin irin wannan rubutu ba adabi ba ne, aikin ɗan jarida ne kawai. Ba zan yi jayayya da su a kan suna ba. Amma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin bayyana abu mai sarƙaƙiya cikin kalmomi ɗari bakwai, sau biyar a mako, ba tare da ya yi ƙarya ko ya raina hankalin mai karatu ba, ya san gumin da ke ciki. Sauƙin karatu daga wahalar rubutu yake fitowa.

Daga 1947 aka fara rarraba filin nata ga wasu jaridu. A ganiyarsa, filin mai suna Your Money's Worth yana fitowa a jaridu kusan 450, ana ƙiyasta masu karanta shi da miliyan 40. Ta haɗa hannu da masanin haraji J.K. Lasser suka fitar da littattafai, ciki har da How to Live Within Your Income a 1948. Daga 1960 ta fara fitar da jagorar biyan haraji ta shekara-shekara da sunanta, a watan Nuwamban wannan shekara kuma mujallar Time ta sa hotonta a bango. Daga 1965 ta sami fili a mujallar mata ta Ladies' Home Journal. A 1966 Shugaba Lyndon Johnson ya yi mata tayin shugabancin bankin gwamnati mai tallafa wa cinikin ƙasashen waje, ta ƙi, ta zaɓi alƙalaminta. Wani abin ban takaici shi ne, duk wannan lokaci da shugabannin ƙasa ke neman shawararta, banki a Amurka yana da ikon hana mace bashi sai da sa hannun mijinta. Sai a 1974 doka ta haramta hakan.

A wannan shekara ta 1974 ɗin ce kuma ta yi tuntuɓe mafi girma a idon jama'a. Farashin kaya ya hau da fiye da kashi 10 cikin 100, bayan takunkumin man fetur na 1973. Shugaba Gerald Ford ya tsaya gaban majalisa ranar 8 ga watan Oktoba ya ƙaddamar da gangamin yaƙi da hauhawar farashi, aka buga bajoji masu haruffan WIN, aka kafa kwamitin 'yan ƙasa, aka ɗora Sylvia Porter a kan shugabancinsa. Shawarwarin su ne a yi lambu a bayan gida, a kashe fitilu, a rage ɗumama ɗaki, maƙwabta su riƙa tafiya aiki a mota ɗaya. Jama'a suka mai da abin wasa, wasu ma suka riƙa maƙala bajon a kife. Kafin a je ko'ina tattalin arziki ya tsuke, rashin aiki ya kai kashi 9 cikin 100 a 1975, gangamin ya mutu shiru. Abin mamaki a nan shi ne ita da kanta ta fi kowa sanin cewa hauhawar farashi daga yawan kuɗin da ke yawo da farashin makamashi da kasafin gwamnati take tasowa. Matar da ta yi suna wajen fassara wa talaka maganar mahukunta, sai ga ta tana taya mahukunta gaya wa talaka cewa maganin yana hannunsa. Kusantar fada tana da daɗi, amma takan dakushe alƙalami.

Duk da haka sunan bai faɗi ba. A 1975 kamfanin Doubleday ya buga Sylvia Porter's Money Book, shafi fiye da 1,100, ya ƙunshi kusan duk abin da kuɗi ke shiga a rayuwar iyali, daga kuɗin makaranta zuwa na jana'iza. An sayar da fiye da kofe miliyan ɗaya. A 1979 aka fitar da sabon bugu da aka faɗaɗa don shekarun 1980.

Sai dai mu tsaya mu yi lissafi irin nata. Fili a jarida sau biyar a mako, fili a mujalla kowane wata, takardar ƙwararru, jagorar haraji kowace shekara, laccoci, rediyo da talabijin, kwamitocin gwamnati, sannan littafi mai shafi dubu da ɗari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tracy Lucht, malamar aikin jarida da ta wallafa tarihin Sylvia a 2013, ta nuna yadda a rabin ƙarshe na rayuwarta ta dogara ga masu bincike da marubutan bayan fage. Fitacciya a cikinsu ita ce Lydia Ratcliff, wadda ta yi aiki a mujallar Time kafin ta koma wurin Sylvia, ta shafe fiye da shekara goma tana rubuta mata, kuma ita ta ɗauki kaso mai yawa na nauyin babban littafin nan na 1975. Rabuwarsu ba ta yi daɗi ba, saɓani ne a kan rabon abin da littafin ya kawo.

Ban ce wannan ya shafe aikin Sylvia ba. Salon nata ne, ita ta ƙirƙire shi tun tana S.F. Porter ba ta da mai taya ta ko da gyaran waƙafi, waɗanda suka zo daga baya a kan gwadabenta suka bi. Kuma ba ita kaɗai ke yin haka ba: abokin aikinta Lasser ya rasu a 1954, amma an ci gaba da fitar da jagorar harajinsa da sunansa shekaru da dama bayan an binne shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mace ce da ta ɗanɗani zafin a ce aikinka ya isa amma sunanka bai isa ba, har shekara bakwai. Da dama ta zo hannunta, sai ga wata mace tana zaune a inuwarta, ko haruffan farko na sunanta ba a sa a bango ba. Mai karatu miliyan 40 da ya amince da "kai" ɗin nan da ake kiransa da shi, ya ɗauka murya ɗaya ce ke yi masa magana. Ga marubuciyar da jarinta duka shi ne faɗin gaskiya a sarari game da wa ya ci me, wannan giɓi ne da ba za a ce ƙarami ba. Matashin da wani babba ya ce masa zo ka taya ni rubutu, ya kamata ya san wannan labari kafin ya ce to, ya kuma nemi a rubuta sharaɗi a takarda, abin da ita kanta Sylvia ta shekara arba'in tana gaya wa masu sayen firiji.

Shekarunta na ƙarshe na kasuwanci ne fiye da rubutu. Bayan Rupert Murdoch ya sayi New York Post a 1976, ta bar jaridar a 1978, bayan shekara 43, ta koma Daily News. Mijinta na biyu, Sumner Collins, wanda ta aura a 1943 suka haifi 'ya ɗaya, ya rasu a 1977, ta auri James Fox a 1979. A farkon shekarun 1980 aka kafa mujalla da sunanta, Sylvia Porter's Personal Finance Magazine, har da manhajar kwamfuta ta tsara kasafin gida aka sayar da sunan. Amma fagen da ta share ya riga ya cika. Mujallar Money ta fito tun 1972, marubuta irin su Jane Bryant Quinn sun taso, masu karatu kuma sun fara neman wanda zai gaya musu yadda za su yi arziki da sauri, ba yadda za su zauna daidai samunsu ba. Ranar 19 ga watan Oktoba, 1987, kasuwar hannun jari ta faɗi da fiye da kashi 22 cikin 100 a yini ɗaya. Kamfanonin kuɗi suka janye tallace-tallace, mujallar ta kasa tsayawa, a 1989 aka sayar da ita ga kamfanin Kiplinger. Rushewar kasuwa ce ta shigo da ita fagen a 1929, wata rushewar ta karya mata kasuwanci bayan shekara 58.

Ta rasu ranar 5 ga watan Yuni, 1991, a gidanta da ke Pound Ridge a jihar Niyok, sakamakon ciwon huhu, saura kwana 13 ta cika shekara 78. Littattafan nata sun tsufa da wuri, domin dokar haraji da kuɗin ruwa ba sa jiran kowa, yau da wuya ka same su sai a shagon tsofaffin littattafai. Ita kuwa Lydia Ratcliff, ta tare a gonarta a jihar Vermont, ta kama kiwon awaki da tumaki, ta haɗa kan ƙananan manoma suna kai nama manyan gidajen abinci na Boston da Niyok. Ta rasu a 2018.